Gayya a Fagen Kimiyya: Auna Aikin Manazarci a Ilmin Taurari da Nutirino

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda ake auna aikin manazarci a ilmin taurari da na nutirino, da kuma inda ma'aunin kan yi tawaya. Abubuwa uku aka saba dubawa, wato yawan maƙalun da mutum ya buga, da yawan ambaton da masana suka yi musu, da kuma waɗanda ya yi aiki tare da su.

Nutirino da Gayya

Nutirino wata ƙwaya ce wadda ba ta ɗauke da cajin lantarki, ba kuma ta cika cuɗanya da komai ba. Manomin da ke huɗa a Ɗambatta ko Makoɗa, a kowace daƙiƙa kimanin biliyan 65 daga rana ke ratsa gurbin da bai wuce faɗin farcensa ba, bai kuwa sani ba. A 1956 ne Clyde Cowan da Frederick Reines suka fara kama ta a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka. Ƙaramar tukunyar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta soma aiki a 2004, ita ma tana fitar da irin ƙwayoyin da suka kama.

Saboda wuyar kamunta, tilas a yi mata taron dangi. Na'urar IceCube, wadda aka gama kafawa cikin ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya a 2010, idanun hangen haske 5,160 gare ta, maƙalunta kuwa kan fito da sunaye ɗaruruwa, a jere bisa tsarin abacada.

Mu da muka tashi a karkarar arewacin Kano, inda gona ke jingine da gona, mun san gayya. Idan matasa suka taru suka nome gona a wuni guda, ba a iya nuna kunya ɗaya a ce ta wane ce, amma duk gari ya san gwanin garma, ya kuma san mai raɓewa a inuwa. Wannan sanin ne takarda ba ta iya ɗauka.

Tawayar Ƙidaya

Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato a 1964, sa'an nan a 2005 Jorge Hirsch ya kawo wani ma'auni: manazarci na da daraja 10 idan yana da maƙala 10 waɗanda aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 10. To, a aikin gayya wannan lissafi kan ɓata ta fuska biyu. In an ba kowa cikakken ladan maƙala, mai raɓewa ya yi daidai da gwani. In kuwa an raba maki bisa yawan sunaye, ko aka fifita sunan farko, gwani ya tashi a tutar babu.

Darasi daga Okoye

A 1965 Samuel Okoye, ɗan Nijeriya mai karatun digiri na uku a Kambirij, tare da malaminsa Antony Hewish, sun buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Nature kan wani baƙon tushen igiyar rediyo a cikin Hazon Ƙaguwa. Sai a 1968 aka gano tauraro mai bugun da ke wurin. Hewish ya sami lambar Nobel a 1974, ya kuma ambaci Okoye a laccarsa. Da ƙidaya kaɗai aka bi a 1965, da ba a ga komai ba sai maƙala guda.

Kammalawa

Saboda haka muna ba kwamitocin ƙarin girma na kwalejoji da jami'o'inmu shawara biyu. Ta farko, a nemi manazarci ya bayyana ainihin kunyar da ya nome, ko ƙera na'ura ce, ko tace bayanai. Ta biyu, a nemi shaidar shugabannin gayyar a rubuce. Idan ba a yi haka ba, ɗalibanmu masu hazaƙa za su guji manyan ayyuka, su koma tara ƙananan maƙalu waɗanda ba mai karantawa. Allah ya sa mu dace.