Eriyar Gida: Yadda Za Ki Rage Shuuu a Rediyonki

Wasiƙu da dama sun zo mana da kuka iri ɗaya: ana tsaka da shirin lafiyar yara ko sanarwar rigakafi sai murya ta nutse cikin shuuu, kuma ga shi ba fita kike yi ba balle ki tambayi wata abin da aka ce. Kafin ki matsa wa maigida ya sayo sabuwa, duba eriyar tukuna, don sau da yawa ita ce mai laifin.

Saƙon rediyo tafe yake a iska kamar igiyar ruwa, kowace tasha da tsawon igiyarta. Tashoshin FM da ke kusa da lamba 100, irin su Freedom ta Kano a kan 99.5, tsawon igiyarsu kimanin mita 3 ne, eriya kuwa ta fi kamawa idan ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo, wato santimita 75. Ɗauko tef ɗin ɗinkinki, inci 30 ke nan ba kaɗan. In yara sun karya miki eriya, yanko wayar lantarki da ba a amfani da ita daidai wannan tsawo, ki fere robar bakinta har jan ƙarfen ya fito, ki naɗa a guntun da ya rage, ki ɗaure ta a jikin kara ta tsaya ƙyam.

Gajeren zango kuma, inda iyayenmu suka saba kamo Sashen Hausa na BBC tun 1957, shi doguwar waya yake so, don igiyarsa takan kai mita 19 ko 31 ko 49. Mita 5 zuwa 7 ta wadatar. Naɗa baki ɗaya a eriya, sauran ki fitar ta taga zuwa tsakar gida, a ɗaure a kan gora. Dalilin fitarwar shi ne rufin kwano yana tare saƙo. Kada ki ce bari in ƙara tsawo don ta fi kyau. Ƙaramar rediyo ruɗewa take yi, ki ji tasha biyu suna magana a tare. Matsakaicin zango ba ruwansa da wannan duka, eriyarsa na ciki, juya akwatin kawai za ki yi.

Wajen gwaji ne aka fi yin gaggawa. Zaɓi tashar da ke zuwa miki da rauni, ki saurara ba waya, sannan ki haɗa, a lokaci guda, don gajeren zango yana canza hali tsakanin rana da dare. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa. Ni da kaina na kwana uku ina zargin wayata, ashe cajar da ke kusa da rediyon ce ke kawo ƙarar. Janareta da wasu ƙwayayen fitila ma haka suke.

Don Allah 'yar uwa, kada wayar ta kusanci wayar wuta, ta sama ko ta ƙasa, kada kuma a tura yaro kan katanga shi kaɗai. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, cire ta daga rediyo ki fitar da bakin waje kafin a fara walƙiya.