Tashar Gyara a Filin Tseren Motocin Yara

Da zarar an gama yankan dawa a Kwandiko, kara ya bushe, sai yaranmu su zama maƙera. Wannan ya feƙe kara, wancan ya yanko taya daga tsohon silifa, wani kuma ya buɗe gwangwanin madara ya yi wa motarsa ƙofa. Iyaye da yawa sukan ce ɓata lokaci ne, har akwai masu tattake motar da ƙafa. Mu ma a makaranta dā haka muke gani, sai da wani faɗa ya sa muka tsaya muka duba.

Ga yadda abin ya faru. Yara sun share fili a bayan aji suna tsere. Tayar motar wani ta fita, sai ya tsuguna a tsakiyar hanya yana gyara. Na baya suka zo a guje suka bi ta kan motar, ta ragargaje. Kafin mu iso an fasa wa ɗaya leɓe. Da muka tambayi mai motar dalilin da bai kauce ba, sai ya ce, "Malam, in na fita daga layi ai sun ce na faɗi." Ashe yaron yana da gaskiya. Filin ba shi da wurin tsayawa.

Masu tseren manyan motoci sun daɗe da warware wannan. A gasar Formula 1 akwai ƙaramar hanya da ta rabu da babbar, inda direba yake ratsewa a sauya masa taya. A cikinta ba a yarda ya wuce gudun kilomita 80 a awa ba a yawancin filaye. Mutum wajen 20 ne suke jiransa, kowa da aikinsa. A 2023, a ƙasar Katar, ma'aikatan McLaren suka sauya taya huɗu cikin daƙiƙa 1.8. Da muka gaya wa yaran haka, nan da nan suka zana tasu tashar a ƙasa da tsinke, faɗa kuwa ya ƙare.

To, amma manyan 'yan aji ba su ƙoshi ba. Suna son mota mai tafiya da kanta. Irin wannan wasa ya daɗe a Ingila, gama tun 1957 wani mai suna Fred Francis ya fito da Scalextric. Asirinsa ba wuya. Akwai siririn kwari a tsakiyar hanya, da ƙarfe biyu masu ɗauke da wuta, ɗaya dama ɗaya hagu. A ƙarƙashin motar akwai ɗan tsinke da yake bin kwarin, da gashin waya biyu masu shafar ƙarafan nan suna kai wuta ga injin.

Muka samo fallen katako a wurin kafinta. Maimakon mu fafe kwari, sai muka buga siraran katako a kai, muka bar tsakani daidai kaurin ƙusa. Muka feɗe tsohuwar wayar lantarki muka shimfiɗa jan ƙarfenta a gefe da gefe. Injin kuwa daga mataccen rediyo mai kaset muka ciro shi, muka haɗa shi da gindin taya da zoben roba. Batirin tocila huɗu, kowane bolt 1.5, sun ba mu bolt 6. Mota ta tashi.

Sai dai hanya ɗaya ce, yara kuwa sun fi 30. Nan ne tashar gyara ta zama dole, nan ne kuma muka sha wuya.

Abu na fari shi ne mararraba. Inda kwarin ya rabu biyu, ana bukatar ɗan harshe da zai nuna wa tsinken motar inda zai bi. Muka yanko shi daga gwangwani, muka naɗe bakinsa domin kada ya yanki yatsa, muka kafa gindinsa da ƙusa ɗaya yadda zai iya juyawa. Wayar ƙafar keke ce muka ɗaura masa ta ƙarƙashin katako. In an ja, mota ta ratse tasha, in an tura, ta miƙe. Mararrabarmu ta farko ta cika kwana, motar ta yi tsalle ta faɗi ƙasa har sau uku. Sai da muka ɓamɓare katako muka sake, muka sa hanyoyin su rabu a hankali cikin tsawon taƙi biyu, sa'an nan ta shiga lafiya. Wanda zai gwada, kada ya yi rowar wuri a nan.

Akwai kuma abin da ba mu hanga ba. A mararraba dole a yanke waya inda kwari ya ƙetare ta. Motar takan wuce wannan giɓi da ƙarfin gudunta, amma sai an haɗa guntayen wayar ta ƙasan katako, in ba haka ba sashen gaba ya mutu. Yini guda muka yi muna zargin batir, har wata yarinya 'yar aji shida ta bi wayar da yatsa ta gano wurin.

Abu na biyu shi ne tsayawa. A cikin tashar muka yanke waya ɗaya a wuri biyu, muka ba wannan guntu wuta ta makunnin tsohuwar tocila. In an kashe, mota ta shiga ta tsaya cik, alhali wata tana ta zagaya a babbar hanya. Watau yanzu yara biyu suna wasa a hanya ɗaya. Bayan zagaye biyar, mai tasha ya saki ta ciki, ya ja harshe, ta waje ta shigo, ya kashe wuta. In ya yi jinkiri kaɗan, sai karo. Yanzu riƙe makunni ya fi tuƙi farin jini. Masu Scalextric ma sai a 2004 suka fito da na'urar da take barin motoci har 6 su raba hanya, kowace da mai sarrafa ta.

Iyaye, ga gargaɗi, kuma ba da wasa muke yi ba. Kada ko kusa a haɗa wannan abu da wutar Nepa ko ta janareto. Wayoyin a tsirara suke, bolt 230 kuwa yana kisa. Batirin babur ma ba mu yarda da shi ba, domin in wayoyi biyu suka taɓa juna sukan yi zafi har su ƙona hannu.

Wani uba ya zo ranar Asabar neman ɗansa da ya makara zuwa kiwo. Muka ba shi labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda tun yana yaro yake zanen motoci, ya yi karatu a Birnin Kebbi da Detroit ta Amurka, har ya zana motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007. Uban ya saurara, ya ce shi dai awakinsa ba su san Amurka ba. Muka amince da shi, muka mai da wasan bayan la'asar. Kafin ya tafi ya duƙa ya dubi harshen gwangwanin nan, ya ce ƙusar ta yi sako-sako, a sa mata ɗan guntun fata. Muka sa, ta kuwa daina makalewa.

Abin da ya rage mana shi ne ƙurar hunturu. Takan kwanta a kan wayoyi ta hana wuta wucewa, sai mota ta riƙa shaƙuwa. Kowace yamma sai an goge su da busasshen tsumma, a lulluɓe katakon da buhu kafin a tashi.