TASWIRA DA KAMFAS: ILMIN DA KE HANA SOJA ƁATA

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Jatau da hantsi, a ranar da babu hazo, ya dubi yamma da birnin Zariya, zai hangi Dutsen Kufena a zaune, sai ka ce mutum ya miƙa hannu ya taɓa. Bazazzagi ba ya bukatar a nuna masa hanyar zuwa can. Amma a ɗauki mutumin nan da dare, a sauke shi cikin wani kurmi inda babu dutse ko rimin da ya sani, sa'an nan a ce ya kai mutum talatin wani mashigin rafi kafin asuba. To, a nan ne zai gane cewa sabo ne ke kai shi gida kullum, ba sanin hanya ba.

Ba banza muka fara zancen daga Zariya ba. Ƙofar nan, wadda sunanta ke tuna mana Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau, mahaifin Makau, tana cikin ganuwar garin da ya daɗe yana renon sojan ƙasar nan. A Zariya aka kafa makarantar horon kurata cikin 1924, aka kuma buɗe makarantar yara ta soja cikin 1954. Barikin da suke ciki kuwa ana kiransa Chindit, sunan da ya samo asali daga Yaƙin Bama, ba Bama ta Barno ba, ƙasar nan ta Asiya da yanzu ake kira Miyanma. Cikin 1944 bataliyoyi uku na sojan Nijeriya, watau ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga rundunar Janar Wingate wadda ta kutsa bayan dagar Japanawa cikin ƙungurmin daji. Abinci da harsashi duk daga jirgin sama ake jefo musu. Idan wanda ke riƙe da taswira ya faɗi wurin da suke daidai ta waya, a ci abinci. Idan ya kuskure, kayan su faɗa hannun abokan gaba, ko su rataye a kan itatuwan wani kwari dabam. Hafsoshin lokacin Turawa ne, taswira kuwa galibi a hannunsu take. Kakanninmu su ne masu ɗaukar kaya da bindiga suna bin inda aka nuna.

Kada mai karatu ya zaci Bature ne ya koya mana tafiya. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu, suna kuma da jagaba, wanda aikinsa ke nan ya san zango da mashigi da rijiya. Sai dai ilmin jagaba a kansa yake, ran da ya mutu an binne shi da shi. Taswira ita ce wannan ilmi a rubuce, yadda baƙon da bai taɓa taka ƙasa ba zai iya karanta ta.

Taswirar da soja ya fi amfani da ita a ƙasa ita ce mai awon 1:50,000. Ma'anarsa, santimita biyu a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. An raba fuskarta da layuka a tsaye da a kwance, suka yi gida-gida kamar dara, kowane gida kilomita guda, kowane layi da lambarsa. Da waɗannan lambobi ake faɗin wuri. Ƙa'ida ita ce a fara karanta na zuwa gabas, sa'an nan na zuwa arewa. Idan saje ya ce 347218, yana nufin ka wuce layi na 34 da kashi bakwai cikin goma, ka hau layi na 21 da kashi takwas cikin goma, sai ka faɗa cikin fili mai faɗin mita ɗari. A dubi haɗarin abin: in gajiya ta sa ya ce 357218, lamba ɗaya tak ta canja, amma wurin ya gusa da kilomita guda cur. In motar ɗaukar majinyata aka kira, ta tafi inda babu kowa. In kuwa igwa aka kira, Allah kaɗai ya san ƙauyen da ke cikin wancan gida.

Akwai kuma layukan nan masu ruwan ƙasa da ke lanƙwashe-lanƙwashe, waɗanda ɗalibai suka fi ƙi a darasin labarin ƙasa. Kowannensu yana haɗa wurare masu tsayi ɗaya. Inda suka yi nesa da juna fili ne, inda suka cunkushe hawa ne mai tsanani. Dutse irin Kufena a taswira sai ka gan shi kamar an yanka albasa.

Kamfas shi ne abokin tafiyar taswira. Allura ce mai maganaɗisu wadda kanta ke neman arewa, kewaye da ita an raba da'ira kashi 360, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Soja sukan raba ta kashi 6,400, da wani awo da suke kira mil, ba mil na tsawon hanya ba. Ko a nan akwai abin da zai ba wasu mamaki. Mun saba cewa mu fuskanci gabas mu yi salla, alhali kuwa alƙibla daga Zariya tana wajen digiri 67 ne, watau ta karkata arewa da gabas sosai.

Mu koma Ƙofar Jatau mu gwada. Mu ƙaddara mutum ya saita kamfas a kan ƙoƙuwar Kufena, ya karanta 250, misali kawai. Idan ya cire 180 zai sami 70, watau layin da ya taso daga dutsen zuwa inda yake tsaye. Sai ya zana shi a taswira. Ya sake neman wata alama a wani gefe, hasumiyar masallaci ko tankin ruwa da ke cikin taswirar, ya yi mata haka. Inda layukan biyu suka gitta, nan yake. Mai hankali yakan ƙara na uku, domin biyu suna iya haɗa baki su yi masa ƙarya. Kafin duk wannan sai ya nisanci mota da wayoyin lantarki, ya kuma kawar da bindiga da hular kwano, gama ƙarfe yana jan allura. Kuskuren digiri ɗaya yana kauce da mutum wajen mita 17 a kowace kilomita. Ƙaramin abu ne a ido, amma digiri biyar cikin tafiyar kilomita goma ya kusa kilomita guda.

Nisa kuwa da ƙafa ake auna shi. Kowane kurtu yakan san takunsa nawa ne a mita ɗari; yawancin manya sukan yi 60 zuwa 65, in ana ƙirga saukar ƙafa ɗaya kaɗai. Duk mita ɗari sai ya mai da tsakuwa daga wannan aljihu zuwa wancan, ko ya ja ƙwayar carbi. Yashi da hawa da duhu duk suna gajarta taku, tilas ya yi musu ragi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce kuskuren ganganci. A ce ana neman wani mashigi a rafin Kubanni cikin dare. Wanda ya nufi mashigin sak, in ya iso bakin ruwa bai gan shi ba, bai san ko dama zai bi ko hagu ba. Gwani sai ya karkata hagu da gangan tun daga farko. Da ya taɓa ruwa ya san tabbas mashigi yana damansa, sai ya bi gaɓa. Da dare kuma, in sama ta washe, tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa, wajen digiri 11 bisa doron ƙasa a Zariya, ko da yake hazon hunturu yakan haɗiye shi.

Wani zai ce me ya kawo wannan wahala, ga wayar hannu mai nuna wa mutum inda yake ta hanyar tauraron ɗan Adam? Gaskiya ne, tun 2000 da Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin na'urar GPS, kowa ya zama jagaba. Amma batir yana mutuwa, abokin gaba yana iya toshe saƙon ko ya gurɓata shi, waya kuma tana iya tona asirin mai ita. Sojan da ke sintiri a dazuzzukan Birnin Gwari ko Rugu yana fuskantar mutanen da suka san kowace tsamiya da kowane kwazazzabo tun suna kiwo. In na'urarsa ta yi shiru, abin da ya rage masa takarda ce da allura.

Ita ma takardar tana tsufa. Yawancin taswirorinmu masu awon 1:50,000 an zana su ne daga hotunan jirgin sama na shekaru aru-aru, tsayin tuddai ma da ƙafa aka rubuta. Gonakin da suka nuna a bayan ganuwa yau unguwanni ne, ganuwar kanta ta zube a wurare da yawa, rimaye da dama an sare. Arewar allura ba ita ce arewar taswira ba, bambancinsu kuma yana canjawa kowace shekara: a tsakiyar ƙarnin da ya wuce allura a ƙasar nan tana karkata yamma da digiri da dama, yau kuwa abin ya ragu ƙwarai. Wanda ya ɗauki adadin da ke gefen tsohuwar taswira bai yi lissafin shekarun da suka wuce ba, ya sayi ɓata da kuɗinsa. Bugu da ƙari, tsofaffin taswirorin an ɗora su ne a kan tushen awo na Minna, na'urar GPS kuwa da nata tushen take zuwa, saboda haka lambobinsu ba sa faɗawa wuri guda sai an daidaita na'urar.

Wannan magana ta ƙarshe ba ta soja kaɗai ba ce. Ma'aikacin safiyo mai yanka filaye, da malamin daji mai tsaron iyakar gandu, da injiniya mai haƙa rijiyar burtsatse, duk da waɗannan tsofaffin takardu suke aiki, sau da yawa da waya a ɗaya hannun. Ya kamata kowane ofishi da ke ajiye da su ya duba shekarar da ke ƙasan kowace taswira kafin a sake buga turken iyaka da ita.