Ba Tozo Ke Haihuwa Ba

Mutum biyu ne ke zagaya bijimi a kara da idon mai saye: mahauci da makiyayi. Mahauci in ya yi kuskure, asararsa ta yini ɗaya ce. Ya yanka, ya kasa, ya tattara abin da ya samu, gobe ya dawo. Makiyayi kuwa in ya kuskure, sai ya shekara goma yana kiwon kuskurensa, domin zai gan shi a jikin maruƙa, ya sake ganinsa a jikin jikoki. Saniya a garkunanmu sau da yawa sai ta yi shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma ɗa ɗaya tal. Lafiyayyen bijimi ɗaya kuwa yana iya ɗaukar nauyin shanu mata 25 zuwa 30, kowane maraƙi da ya faɗo rabin jininsa na uban ne. Duk cikin garke babu dabbar da ta cancanci a ce mata "sayen nagari, mayar da kuɗi gida" kamar shi.

A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa, in ana zancen san nama to Bokolo ne a bakin kowa, wanda ma'aikatan dabbobi ke kira Gudalin Sakkwato. Ƙidayar dabbobin da aka yi a Nijeriya a farkon shekarun 1990 ta nuna Bunaji ne kan gaba wajen yawa, Bokolo na biye masa da kusan kashi ɗaya cikin uku na shanun ƙasar, sannan Rahaji. Bijimin Bokolo da ya cika, ya kuma samu ci, yana kai kilo 450 ko ma fiye. Ina son Bokolo, kuma saboda son da nake masa ne nake jin ciwon yadda ake zaɓensa.

A tsaya kusa da dillali a kasuwar Gummi ko ta Nasarawar Burkullu, a saurari abin da yake fara yabo. Zai buga tafin hannunsa a kan tozo, ya ce, "Alhaji, dubi tozo! Wannan ko Legas aka kai shi sai an tsaya kallo." Mutane da yawa sun yi imani cewa a tozo ƙarfin bijimi yake, wai gwargwadon tsayinsa gwargwadon 'ya'yan da zai bayar, wai kuma wanda tozonsa ya kwanta gefe guda ya gama yayi. Na ji dattawa masu hankali suna rantsuwa a kan haka, kuma ba zan ce sun yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin akwai abin da idonsu ya gani. Duk wanda ya taɓa dandaƙe maraƙi tun yana ƙarami ya san tozonsa ba ya tashi kamar na ɗan'uwansa da aka bari, wuyansa ba ya kauri, muryarsa ba ta buɗewa. Dalili shi ne maraina na fitar da wani sinadari cikin jini, shi ke gina tozo da wuya da kafaɗa, shi ke sa sha'awa. Saboda haka tozo shaida ne cewa wannan dabba namiji ne cikakke.

To amma iyakar shaidarsa ke nan. Maraina aiki biyu suke yi, na fitar da wannan sinadari da na ƙera maniyyi, kuma ɗaya na iya tafiya daidai alhali ɗayan ya lalace. Sai a ga bijimi da tozo a tsaye, yana ruri, yana tonon ƙasa, yana bin shanu yana hawa, amma duk bayan kwana 21 shanun nan su sake neman namiji. Mai garke ya yi ta zargin shanunsa, ya ce wannan juya ce, waccan an yi mata baki, ya sayo jiƙe-jiƙe da turare. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Shi tozo tsoka ne da kitse. Yana cika da kaka, ya saki da bazara, kuma kwanciyarsa gefe guda ta fi nuna tsufa ko rama, ba mutuwar ƙarfi ba.

Abin da ya fi ruɗin masu saye ma shi ne ƙiba. Mafi yawan manyan bijiman da ke ɗaukar ido a kara na turke ne: an ɗaure su wata uku ko huɗu a inuwa, ana ba su dusa da harawa da gurya domin kasuwar Sallah. Waɗannan na wuƙa ne. Allah Ya rataye maraina a waje ne domin su fi jiki sanyi da digiri 2 zuwa 6, sai da wannan sanyi maniyyi ke ƙeruwa da kyau. Idan kitse ya taru a wuyan jakar, zafi ba ya fita, maniyyi ya yi rauni. Haka zazzaɓi mai tsanani ke yi, kuma da yake ƙera sabon maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 60, bijimin da ya yi jinya yau sai bayan wata biyu zai koma yadda yake, ko da a ido ya warke.

Na san wani ɗan kasuwa da ya tara shanu ya ba Fulani kiwo, ya je ya sayo irin wannan bijimin turke da kuɗi mai yawa, yara na biye da shi suna ihu har bakin ruga. Da aka kora shi daji tare da garke, kofatonsa da ya saba da taushin turke ya kasa jure tsakuwa. Kafin azahar ya nemi gindin itace ya kwanta yana haki. Cikin 'yan makonni tozo ya zube, kwankwaso ya fito. Maruƙan da aka haifa a shekarar kuwa kamanninsu duk na wani siririn bijimin maƙwabta ne da ake haɗuwa da shi a mashaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yadda ake duba bijimi na gan shi ne a hannun wani dattijon makiyayi. Bai ko ɗaga kai ya kalli tozo ba. Ya sa yaro ya ja bijimin ya yi gaba, shi yana tsaye a baya yana kallon yadda ƙafafun baya ke sauka, ko suna gogar juna, ko akwai ɗingishi, domin a lokacin barbara a kansu nauyin jiki duka yake komawa. Sannan ya sa aka riƙe, ya shafa cinya har dabbar ta natsu, ya tsuguna ya tallabo maraina da hannu biyu. Yana son ya ji su biyu ne, girmansu ɗaya, suna zamewa cikin jakarsu, taurinsu kamar na damtsen mutum idan ya dunƙule hannu. Masu laushi ba ya so, masu taurin dutse ba ya so, wanda ɗaya ya kumbura ko ya maƙale a ciki kuwa ko taya shi ba ya yi. Ya duba cibiya, domin Bokolo na da wannan aibi: wani fatar gabansa na reto har kusa da ƙasa, ƙaya ta soke shi, kaska ta taru, ya kumbura ya kasa aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga ƙarshe ya buɗe baki ya ƙirga haƙora. Manyan haƙora biyu na farko na fitowa ne bayan shekara biyu, baki kuma ya cika wajen shekara biyar. Shi mai huɗu ko shida yake nema, wanda ƙarfinsa na gaba.

Na ce masa, "Baffa, ban ga kun dubi tozo ba."

Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ce, "Yaro, ba tozo ka haihuwa ba." Sai ya juya ga mai bijimin ya tambaye shi, "Ina uwatai?"

Abin da hannun dattijon nan ke nema, likitocin dabbobi ma shi suke nema da tef ɗin awo. Suna zagaya shi a inda maraina suka fi faɗi. A shanun Turai ba sa karɓar ƙasa da santimita 30 ga ɗan wata 15, ko ƙasa da 34 ga wanda ya wuce shekara biyu. Namu masu tozo sun fi jinkirin balaga, don haka ana yi musu uzurin shekaru, amma ƙa'idar ɗaya ce: gwargwadon girman maraina gwargwadon yawan maniyyi. An kuma gano cewa 'ya'ya matan irin wannan bijimi sun fi saurin isa barbara.

Tambayar da dattijon ya yi kan uwar bijimin ce ta fi burge ni. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai kiwon nama na iya cewa ina ruwansa da nonon uwar bijimi, tunda ba tatsa ya sa gaba ba. Ruwansa kuwa babba ne, domin maraƙi a watanninsa na farko da nonon uwarsa yake gina ƙashi, kuma karsanan da bijimin nan zai haifa su ne iyayen gobe. Uwa mai nono, mai haihuwa a kai a kai ba tare da an ja mata ɗa ba, wadda bazara ke wucewa ba a ɗaga ta da itace ba, ita ce ɗanta ya cancanci a bar shi da marainansa. A kara ba a ganin uwa. Wanda ke son ganinta sai ya taka zuwa ruga, ya ga uwar, ya ga 'yan'uwan, in bijimin ya taɓa haihuwa ya ga maruƙansa. Gani ya kori ji.

Akwai wata gardamar da ba ta ƙarewa a gindin itace: wai bijimi in ba ya faɗa ba bijimi ba ne. Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da Rahaji, jan san nan mai dogayen ƙahoni, wanda ba ya yarda da baƙo, yana jin muryar mai shi ya bi shi da gudu ko cikin dare. Suna cewa Bokolo sanyinsa ya yi yawa, kowa ya ɗaga sanda sai ya bi. Ina ganin girman wannan hali na Rahaji, kuma makiyayin da ke doguwar tafiya yana da dalilin riƙe shi. Sai dai tsantseni daban, mugunta daban. Bijimin da ke kai wa mai shi suka ba tsaron garke yake yi ba. Yara ne ke kiwo, mata ne ke shiga tsakanin shanu da ƙwarya. Hali zanen dutse ne, kuma a shanu ana gadonsa. Dabba mai firgita ba ta tsayawa ta ci ta ƙoshi, ba ta saurin ƙiba, in an wahalar da ita a hanya ma namanta duhu yake yi. Ɓarayin zamanin nan kuwa da bindiga suke zuwa, ƙaho ba ya tare su. A nan ina tare da sanyin Bokolo.

Masu kuɗi yanzu sun fara sha'awar bijimin waje. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana haɗa Friesian da Bunaji, amma domin nono ne, kuma a inda akwai abinci da inuwa da magani. A kawo irin wannan jini cikin zafin watan Afrilu na Bukkuyum, ga kaska, ga kirci, ga tafiyar neman ruwa, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ga shi ƙaton uba kan sa ƙaton ɗa a cikin ƙaramar karsana, haihuwa ta zo da gardama. Darasin da ya fi kusa da mu yana tashar Tukunus ta yankin Filinge a Nijar, inda aka shafe shekaru ana tace shanun Azawak daga cikin su kansu. Brazil ma, wadda ke kan gaba a duniya wajen fitar da naman sa, yawancin garkenta Nelore ne, sa mai tozo da asalinsa daga Indiya. Zaɓe suka yi ta yi, zuriya bayan zuriya, har ya kai inda ya kai. Babu abin da zai hana Bokolo bin wannan hanya.

Wajen saye kuwa, araha ba ta ado, balle a wannan yanki namu da satar shanu ta ɗaiɗaita rugage, har a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi na wani lokaci. Bijimin da aka karya farashinsa, mai shi yana gaggawa, ba shi da shaida, a bar shi. Ko dai hakkin wani ne, ko yana ɗauke da cuta. Wanda gwiwarsa ko marainansa suka kumbura a yi zaton bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari a watannin ƙarshe na ciki, tana kuma kama mutane ta ɗanyen nono. Ko wanda aka yarda da shi, a ware shi mako uku ko huɗu, ma'aikacin dabbobi ya duba shi, a yi masa rigakafin ciwon huhu, kafin ya shiga garke.

Kuma komai kyan bijimi, yana da ranar tafiya. Karsanansa za su isa barbara wajen shekara uku. In ya hau su, jini ya koma kan jini, maruƙa su riƙa fitowa ƙanana, marasa ƙwari. Kafin lokacin a yi musaya da wani garke mai nisa, ko a ɗaure shi a turke, a nan ne ƙiba da tozo za su yi ranarsu a gaban mahauci. Sauran maruƙa maza da ba a zaɓa ba a dandaƙe su da wuri, su zama na huɗa da na nama.

Ina kira ga masu shanu na Bukkuyum da Anka da Gummi: idan kuɗi ya kama ku, kada ku fara da sayar da maraƙin da ya fi kowane kyau ku bar ragowa ta yi muku barbara. Ku riƙe ɗan saniyar da ta fi kowace nono da haihuwa, ku duba ƙafarsa da marainansa da halinsa, shi za ku ba garke. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma sai uban ya kasance abin gado.