Daga Thalang zuwa Phuket: Yadda Suna Ya Bi Arzikin Tsibiri

Phuket shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar Tailan, kuma yana cikin tekun Andaman ne, daga kudancin ƙasar. Harafin "h" da ke cikin sunan alama ce ta fitar iska kawai, don haka Puket ake furtawa. Abin lura ga mai nazarin sunayen wurare shi ne, wannan suna bai daɗe da mamaye tsibirin ba.

A tsofaffin taswirorin Turawa, Junk Ceylon ake rubutawa. Sunan yakan ruɗi mai karatu ya zaci yana da alaƙa da Silon, wato Siri Lanka ta yau, alhali babu. Manazarta sun fi karkata ga cewa gurɓataccen furuci ne na Ujung Salang a harshen Malai, ma'ana "ƙarshen Salang". Salang kuwa ita ce Thalang, garin da ke arewacin tsibirin, inda mai mulki yake zaune. Shi ma Phuket ana danganta shi da kalmar Malai bukit, wato tudu, domin tuddansa matafiyi kan fara hangowa daga teku. Ke nan harshen matuƙa jiragen ruwa ya bar sawunsa a sunayen biyu.

Me ya sa ɗaya ya ture ɗaya? A yaƙin 1785 zuwa 1786 sojojin Bama sun yi wa Thalang ƙawanya jim kaɗan bayan rasuwar gwamnanta. Matarsa Chan da ƙanwarta Muk suka jagoranci jama'a har maharan suka janye, Sarki Rama na Ɗaya ya ba su sarauta. Sai dai Bama ta dawo tsakanin 1809 da 1810, ta rushe garin, mutanensa suka watse.

A ganina wannan rushewa ita kaɗai ba ta isa ta sauya suna ba. Kuza ce ta ƙarasa aikin. Haƙar ta ta jawo 'yan ci-rani daga kudancin Sin zuwa kudancin tsibirin a ƙarni na 19, garin Phuket ya bunƙasa, mulki ya koma can, a zamanin Sarki Chulalongkorn har ya zama hedkwatar babban yanki. A 1933 aka mai da shi lardi.

Yanzu Thalang sunan gunduma ce kawai, Jungceylon kuwa sunan wata cibiyar kasuwanci ne a Patong.