Zaren Sakace Mai Magani: Ko Zai Hana Kantar Haƙori?

A Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya da Maraɗi, da wuya gari ya waye ba ka ga magidanci da aswakin darbejiya a baki ba. Wannan al'ada ce mai kyau, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba wa aswaki a 1986. Amma mu buɗe baki gaban madubi, mu dubi bayan haƙoran gaba na ƙasa. Yawancinmu za mu ga wani abu mai tauri, ruwan ƙasa-ƙasa, wanda goro ya rina. Ita ce kanta.

Asalinta datti ne mai laushi, cike da ƙwayoyin cuta, wanda yake manne wa haƙori kullum. In aka bar shi 'yan kwanaki, sai ma'adinan da ke cikin miyau su daskarar da shi kamar dutse. Daga nan dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, a ƙarshe haƙori mai lafiya ya yi girgiɗi ya faɗi. Tsakanin haƙora kuwa, aswaki da buroshi ba su shiga sosai.

Don haka ne wani likitan haƙori a Amurka, Levi Parmly, ya shawarci mutane a 1819 su riƙa sakace da zaren siliki. Daga baya aka yi ta gwada shafa wa zaren magani, kamar faiyurofosfet, wanda yake hana dattin daskarewa. Ga yadda ake gwajin: likita ya kankare haƙoran mutane tas, a raba su kashi biyu, waɗansu da zare mai magani, waɗansu da zalla. Bayan 'yan watanni a auna sabuwar kantar kowa.

A 2011 masana na Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 12 a kan zaren sakace. Sun ga yana rage kumburin dasashi in an haɗa shi da buroshi. A ganinmu, hannun da ya ja zaren kowane dare shi ne babban magani.

Iyaye mata, kada ku bar yara su yi sakace da allura ko tsinken tsintsiya bayan cin tsire. In kuwa mai talla ya ce zarensa zai narkar da tsohuwar kanta, ku riƙe kuɗinku. Wadda ta riga ta daskare, sai a tafi asibitin haƙori a Katsina a kankare ta.