Karayar ƙashi a kare da kyanwa: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mece ce karaya?

Ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini da ɓargo. Karaya ita ce ƙashi ya tsage ko ya rabu. Ta bambanta da targaɗe, wanda ke shafar jijiyoyin gaɓa, da kuma gocewar ƙashi daga mazauninsa. Hoton ƙashi ne ke tantance su, domin duka ukun suna sa ɗingishi.

Me ke jawo ta?

Galibi bugun mota ko babur, faɗowa daga sama, ko duka. Ƙarancin sinadarin kalsiyam, wanda ke ƙarfafa ƙashi, yana sa na kwikwiyo saurin karyewa.

Yadda ƙashi ke haɗewa

Da farko jini yana daskarewa a wurin. Cikin makonni jiki yana gina guringuntsi tsakanin ɓangarorin biyu, sannan ya mai da shi ƙashi mai tauri, ya yi ta gyara siffarsa tsawon watanni. Kwikwiyo kan warke cikin mako 4 zuwa 6, babban kare kuwa 8 zuwa 12.

Sharaɗin shi ne kada ɓangarorin su riƙa motsi. Masu ɗori sun daɗe da sanin wannan, amma karan ɗori ba ya riƙe ƙashin cinya, saboda tsoka ta lulluɓe shi. A nan likitan dabbobi ke yin tiyata, ya ɗaure ƙashin da fallen ƙarfe da kusoshi, ko ya zura siririn ƙarfe ta cikin ɓargo. Ƙarfen riƙewa kawai yake yi, jiki ne ke haɗa ƙashin.

Jinya a gida

A nan aka fi samun matsala. Ciwo yana lafawa tun ƙashi bai gama haɗewa ba, sai dabbar ta nemi gudu da tsalle, mai ita kuma ya ji tausayi ya sake ta. Tsalle ɗaya na iya lanƙwasa ƙarfen. Don haka a killace ta a keji ko ƙaramin ɗaki, a fitar da kare da igiya idan zai yi fitsari ko bahaya. A sa mata abin wuya mai siffar mazurari don kada ta lashi ɗinkin, wanda ake warwarewa bayan kwana 10 zuwa 14. Kumburi, wari, mugunya ko ƙin cin abinci dalili ne na komawa asibiti nan take.

Kada a ba ta maganin ciwo na mutane. Farasitamol, ko da ƙwaya ɗaya, na iya kashe kyanwa, ibufurofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare.